Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Likitocin Dabbobi Ta Najeriya: Kifin Da Ya Kife A Tanki Ma Majinyaci Ne

Ranku ya daɗe,

Dalilin wannan wasiƙa wani ciwo ne da mutane da yawa za su ga bai kai a ɗaga alƙalami a kansa ba, balle a kai shi teburin hukumar da dokar 1969 ta ɗora wa tsara karatun likitocin dabbobi da yi musu rajista a ƙasar nan. Ina nufin abin da ke samun manyan kifayen ado da ake ajiyewa cikin tankin gilashi a gidaje da otal-otal da ofisoshi, daga Legas da Abuja har Kaduna da Kano. Kifin da jiya yake iyo lafiya lau, yau a wayi gari ya kife ciki sama, ko ya karkace gefe guda, ko ya kwanta a ƙasan tanki ya kasa ɗagowa. Maganata guda ce. Wannan hali alama ce da cututtuka da dama ke iya haifarwa, kamar yadda zazzaɓi yake ga ɗan Adam, kuma gano wacce ce ke bayan alamar aikin likita ne. Inda babu likitan da zai yi wannan aiki, mai shagon kifi da mai kyamis ne ke yin sa, kuma ɓarnar da ke biyo baya ba ta tsayawa a cikin gilashi.

Ga yadda abin yake idan aka matso kusa. A ɗauki oska, kifin nan mai baƙi da ratsin ja ɗan asalin kogin Amazon, wanda yakan haura santimita 30 kuma ya rayu fiye da shekara 10 idan ya samu kulawa. Idan abin ya same shi, za a gan shi manne a saman ruwa, wutsiya ta fi kai ɗagowa. Yana kaɗa fiffikensa da ƙarfi ya nutsa ɗan kaɗan, da ya saki jiki sai ruwa ya sake tillo shi sama. Sashen jikinsa da ya fito waje yana bushewa, santsin da ke kare fatarsa ya tafi, bayan 'yan kwanaki wurin ya yi ja ya zama gyambo. Wanda ya nutse kuwa cikinsa ne ke gogar tsakuwar ƙasan tanki har ya ɗaye. Abin da ya lalace a duka biyun shi ne daidaiton da jakar iska ke ba kifi. Wannan jaka tana kwance ƙarƙashin ƙashin baya, kuma a kifin ruwan daɗi takan kai kusan kashi 7 cikin 100 na girman jiki. Ita ke sa nauyin kifi ya yi daidai da na ruwan da yake ciki, har ya iya tsayawa cak a tsakiya ba tare da ya wahala ba.

Jakar ba iri ɗaya ba ce a kowane kifi, kuma daga nan shawarar da ake yi wa kowa kuɗin goro take fara tuntuɓe. A kifin zinariya da koyi da arowana, akwai wata siririyar hanya da ta haɗa jakar da maƙoshi, don haka suna iya haɗiyar iska daga saman ruwa su cika ta, su kuma fitar da ita ta baki. A oska da fulawahon da sauran dangin karfasa, wannan hanya tana toshewa tun suna 'yan ƙanana. Iskar jakarsu ta jini take shiga, ta jini kuma take fita, a hankali. Saboda haka bayanin da ake ji a kowane shago, cewa kifin ya haɗiyi iska ne wajen cin abinci mai tasowa saman ruwa, yana iya zama gaskiya ga kifin zinariya, amma bai bayyana yadda jakar oska za ta kumbura ba. Haka maganin da ya fi kowanne shahara, wato a hana kifi abinci kwana 2 ko 3 sannan a ba shi dafaffen koren wake da aka ɓare. Yana taimakon kifin da hanjinsa ya cushe ko ya tara iska, kuma likitoci ma suna ba da wannan shawara a inda ta dace. Ba ya yin komai ga kifin da jakarsa ta cika da ruwa ko mugunya.

Abubuwan da ke iya kifar da kifi suna da yawa, kuma ba su da dangantaka da juna sai ta alamar da suke nunawa. Ƙwayoyin cuta irin su Aeromonas suna shiga jakar su kumbura ta ko su cika ta da ruwa. Ƙari a ciki, ko ƙwai da suka ƙi fita, ko ƙodar da ta yi ƙuraje masu ruwa ta girma, wadda aka sani sosai a kifin zinariya, suna ture jakar daga mazauninta. Nau'o'in kifin zinariya masu dunƙulallen jiki, irin su oranda da riyukin, an hayayyafa su ne don kyan gani har jakarsu ta matse tun daga halitta. Arowana, da ke iya kai santimita 90, kifi ne mai tsalle, kuma idan ya firgita ya doki murfin tanki yana iya jin rauni a ƙashin baya. Wani lokaci ma jakar lafiyarta ƙalau, ƙwaƙwalwa ce ko jijiya ta taɓu saboda guba a ruwa. Sannan akwai kifin da kifewa ɗabi'arsa ce: wasu daga cikin dangin ƙurungu na kogin Neja da Nilu suna iyo ciki sama ba tare da wani ciwo ba, abin da masunta suka sani tun kaka da kakanni. Wanda bai iya rarrabe waɗannan ba, duk abin da zai bayar kame-kame ne.

Ranku ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da mai kifi ke kira farat ɗaya yawanci ya daɗe yana taruwa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne gare shi. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin matatar ruwan tanki su ke juya amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Babban kifi mai cin nama yana fitar da ƙazanta ninkin abin da ƙananan kifaye ke fitarwa, ga shi kuma galibi an saye shi ne yana kamar ɗan yatsa, aka bar shi ya girma cikin tankin da aka saya wa ɗan yatsa. A irin wannan matsi, ƙaramin tsaiko ya isa ya jawo masifa, kuma tsaiko ba baƙonmu ba ne. Idan aka ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa, famfon iska da matata suna tsayawa, iskar shaƙa ta ragu a ruwa, ƙwayoyin matatar su fara mutuwa, da wuta ta dawo sai gurɓataccen ruwan da ya kwana a ciki ya koma tanki. A watan Disamba da Janairu, sanyin hunturu a Kano da Jos yakan sauka ƙasa da digiri 15 da dare, alhali oska yana son ruwa tsakanin 23 da 28, kuma sanyi yana rage masa narkewar abinci da ƙarfin garkuwar jiki. Ruwan burtsatse da aka zuƙo aka zuba kai tsaye yakan zo da iskar da ta narke a cikinsa fiye da kima, har ta fito ƙananan kumfa a cikin fiffike da ido da jinin kifi. Ruwan famfo kuma yakan zo da kulorin. Waɗannan duka abubuwa ne da littafin da aka rubuta don mai kifi a Landan ba zai sa su a gaba ba, amma su ne farkon abin da likitan da ke aiki a nan ya kamata ya tambaya.

Me ke faruwa yanzu idan mai kifi ya wayi gari da wannan hali? Yana komawa inda ya sayi kifin, ko ya nemi shawara a waya. A ce masa ya zuba gishiri, ya fasa kafso ja da yalo na tetarasaikilin a ruwa, in bai yi ba ya ƙara da Flagyl ko Ampiclox. Gishiri yana da wuri guda da yake aiki sosai, domin yana rage shigar naitirait cikin jinin kifi, kuma wannan nasarar ce ta sa aka ɗauke shi maganin komai. Kafson kuwa labarinsa daban. Ba a auna nauyin kifi ba, ba a auna yawan ruwa ba, ba a san ko akwai ƙwayar cutar da za a kashe ba. Tetarasaikilin yana ɗaurewa da sinadarin kalsiyam a ruwa mai nauyi, ƙarfinsa ya ragu. Wasu magungunan kuma suna kashe ƙwayoyin matatar, amoniya ta ƙara hawa, a ce ciwon ne ya tsananta, a ƙara magani. Daga ƙarshe a kwashe ruwan a zubar a kwata. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin da abin ya fi muni a duniya shi ne Afirka ta Yamma. Ba tankin kifi ne ya jawo wannan adadi ba, amma ɗabi'ar da ke fasa kafso a tanki ita ce ke zuba shi a kejin kaji da kududdufin tarwaɗa.

Abin takaicin shi ne binciken da ya kamata a yi ba mai tsada ba ne. Farkonsa tambaya: girman tanki, yawan kifi, irin abinci, yaushe aka sauya ruwa, daga ina aka ɗebo shi, awa nawa aka yi babu wuta. Sai ma'aunin zafi da 'yan kwalaben gwajin amoniya da naitirait da tsamin ruwa, waɗanda ke ba da amsa cikin mintuna. Idan ana buƙatar taɓa kifin, ana sa shi barci da maganin MS-222 ko da man kanumfari da aka auna, a kankaro ɗan santsin fatarsa a duba a madubin likita. Sannan a naɗe shi cikin jiƙaƙƙiyar leda a ɗauki hotonsa da irin na'urar da ake ɗaukar hoton ƙashin kare ko akuya. Iska baƙa take fitowa a hoton, don haka jakar tana bayyana sarai: ta kumbura, ta motse, ta kauce daga wurinta, ko ruwa ya maye gurbin iskar. Likita yana iya sa allura ya rage iskar, ko ya zuƙo ruwan a kai ɗakin gwaji a san wane magani ne zai ci shi. William Wildgoose, likitan dabbobi a Ingila, ya wallafa nazarin irin waɗannan kifaye da aka kawo masa asibiti a 2007, inda hoto da binciken gawa suka nuna sababai mabambanta a bayan alama guda. Tun 1995 Gregory Lewbart da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka suka ba da rahoton tiyatar jakar iska da suka yi wa wani kifi ɗan dangin karfasa. Ilimin yana nan a rubuce, kayan aikin kuma yawancinsu suna asibitocin koyarwa na jami'o'inmu.

Za a ce mini ƙasar da ke fama da ciwon huhun shanu da murar tsuntsaye da cizon mahaukacin kare ba ta da lokacin kifin falon masu kuɗi. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba na neman a ɗauke likita ko ɗaya daga ruga a kai shi falo. Amma likitan da ya iya gwada ruwa, ya sa kifi barci, ya karanta hotonsa, ya buɗe gawarsa, shi ne dai likitan da mai kiwon tarwaɗa yake nema. Najeriya ce ta biyu a kiwon kifi a Afirka bayan Masar, tana samar da sama da tan 250,000 a shekara, kuma ita ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. Amoniya da naitirait da Aeromonas da ke kifar da oska su ne ke kashe dubban 'ya'yan tarwaɗa a dare ɗaya. Bambancin kawai shi ne mai kifin ado yana kawo kifi guda, yana shirye ya biya, yana kuma son a bi diddigi, wanda hakan ya sa tankinsa ya zama wurin koyo mai kyau. Akwai kuma batun tsaro. Kifin ado yana ƙetare iyakoki da ransa, da ruwansa, da duk abin da ke jikinsa. A ƙarshen 2018 wata cutar bairos mai suna ISKNV ta yi wa masu kiwon karfasa a tafkin Volta na Gana mummunar ɓarna, kuma dangin wannan bairos sanannu ne a cinikin kifin ado na duniya. Ƙasar da likitocinta ba sa duba kifin ado da ya yi ciwo ta rufe ido ne a ɗaya daga cikin ƙofofin shigowar cuta.

Za a kuma ce wannan aikin masana kifi ne, ga cibiyar bincike ta New Bussa da kwalejojin koyon aikin kifi na New Bussa da Baga. Gaskiya ne sun fi yawancin likitocin dabbobi sanin ruwa da abinci da hayayyafa, kuma duk tsarin da ya ware su ba zai yi ƙarko ba. Sai dai gano cuta da rubuta magani da yin tiyata aiki ne da doka ta ba wanda hukumarku ta yi wa rajista. Idan mai lasisi bai iya kifi ba, wanda ya iya kifi kuma ba shi da lasisi, to an bar fili ga wanda ba shi da ko ɗaya. Wasu kuma za su ce kifi ne fa, in ya mutu a sayi wani. Wanda ya sayi wani ya zuba a ruwan da ya kashe na farko, zai sake saye. Ban da haka, wata cutar ba ta tsayawa kan kifin: Mycobacterium marinum, da aka fara ganowa a kifayen gidan ajiyar kifi na Filadelfiya a 1926, tana shiga hannun mai wanke tanki ta ƙaramin rauni, ta fito da ƙulli-ƙulli da ke ɗaukar watanni ana magani. Kuma al'ummar da ta tashi da labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar ba, ba ta buƙatar a koya mata cewa wanda ya kulle rai a akwati ya ɗauki nauyinsa.

Ba zan ce likita zai ceci kowane kifi ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka kife saboda ƙari ko lalacewar ƙoda ko matsatsiyar halitta ba sa warkewa, kuma rage iska da allura sau da yawa sauƙi ne na ɗan lokaci. Wannan ma hujja ce a gare ni. Mai kifi yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya tun da wuri, ko ya gyara ruwansa kifin ya miƙe, ko ya rage zurfin ruwa ya riƙa ba shi abinci da hannu, ko kuma a kawo ƙarshen wahalarsa ta hanyar da ba azaba, maimakon sati uku yana bushewa a saman ruwa ana zuba masa kafso.

Don haka roƙona huɗu ne, kuma duk suna cikin hurumin hukumarku. Na farko, a lokacin tantance tsangayoyin likitancin dabbobi, daga Zariya da Sakkwato da Maiduguri har Ibadan da Nsukka, kada a tsaya kan ganin darasin kifi a jerin darussa. A nemi shaidar cewa kowane ɗalibi ya gwada ruwa da hannunsa, ya sa kifi barci ya farfaɗo da shi, ya buɗe gawar kifi ya nuna jakar iska. Na biyu, a sa lafiyar kifi cikin kwasa-kwasan ƙarin ilimi da likitoci ke yi don sabunta lasisi, a gayyato malaman New Bussa su koyar da sashen ruwa, a kuma ƙarfafa masu sha'awa su nemi shaidar ƙwarewa irin wadda ƙungiyar likitocin dabbobin ruwa ta duniya, WAVMA, take bayarwa. Na uku, a wallafa sunayen asibitocin da ke karɓar kifi a kowace jiha, domin mai kifi ya san akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na huɗu, a haɗa kai da NAFDAC a fitar da taƙaitaccen bayani na shafi guda, da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turanci, a manna a shagunan kifi: idan kifinka ya kife, auna ruwa da zafinsa, sauya wani sashe da ruwan da ya huce, dakatar da abinci, kashe fitilar tanki, kada ka zuba maganin mutane, nemi likita.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabon gini ko sabuwar doka. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda Najeriya mamba ce a cikinta, tana da kundin ƙa'idojin lafiyar dabbobin ruwa tun 1995, wato an daɗe da amincewa cewa kifi yana cikin aikin likitan dabbobi. Abin da ya rage shi ne likitan da ke Kano ko Kaduna, idan aka shigo masa da kifi a bokiti, ya san ta inda zai fara. Ina fata za ku sa wannan batu cikin ajandar zaman hukumar na gaba.



Naku,
Mai bibiyar harkokin kiwon kifi da lafiyar dabbobi